Daga Kirarin Ɗan Tauri Zuwa Kyamara: Yadda Labarin Ta'asar Zamfara Ya Koma Bakin Mai Bindiga

A watan Agusta na 2022 hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ƙasa, NBC, ta ci tarar gidan talabijin na Trust TV naira miliyan 5 saboda wani fim na gaskiya da ya nuna kan 'yan bindigar arewa maso yamma. Ta kuma ci kamfanonin da ke rarraba tashoshi, ciki har da masu DStv da Startimes, irin wannan tara saboda sun haska fim ɗin da sashen binciken BBC ya yi kan jagororin 'yan bindigar Zamfara. Ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya ce finafinan biyu kambama ta'addanci suke yi. Shekara guda kafin nan, a Satumbar 2021, hukumar tace finafinai ta Kano a ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah ta hana a nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a finafinan Hausa. A farkon 2024 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta soke waccan tara, amma gardamar ba ta mutu ba. Har yau masu cewa a nuna da masu cewa a rufe suna ja-in-ja, kuma dukansu sun tsallake tambayar da ta fi damun mutumin Zurmi da Shinkafi da Kaura Namoda. Idan an tashi ba da labarin abin da ya same shi, wa ake miƙa wa bakin magana? Tarihin yadda muka iso nan yana nuna cewa tun kafin kyamara ta shigo ƙasar Hausa, fasaharmu ta riga ta tanadar wa mai ɓarna mazauni mai kyau, ta bar wanda aka yi wa ɓarnar a tsaye bakin ƙofa.

Fashi da samame da satar shanu tsofaffin kalmomi ne a wannan yanki. Ƙasar da Zamfarawa suka mulka kafin Gobirawa su ci birninsu a ƙarni na 18, wadda Namoda da mutanensa suka yi yaƙe-yaƙen jihadi a cikinta a farkon ƙarni na 19, hanya ce ta fatake tun fil azal, kuma duk inda ayari ke bi ba a rasa mai tare hanya. Da layin dogo ya iso Kaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga da fatu suka samu mafita, kasuwar Shinkafi ta ci gaba da tara shanu daga nan har ƙasar Nijar. Abin lura shi ne, a cikin rubutattun labaran Hausa na farko akwai wanda ya kalli satar mutum ta idon wanda aka sata. Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a shekarun 1930, labarin yaro ne da aka ɗauke aka sayar, da uwarsa da ta bar komai ta bi sawunsa ta cikin hamada. Ƙagaggen labari ne, amma an gina shi kan cinikin bayi da ya faru da gaske. Da Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, finafinan Hausa sun samu tubali mai kyau na yadda ake ba da labarin laifi daga ɓangaren wanda ya ji jiki. Sai dai ba a ɗora gini a kan wannan tubali ba.

Hanyar da aka fi bi ta fi Shehu Umar tsufa, kuma Zurmi na da babban rabo a cikinta. Kassu Zurmi ya yi suna a kiɗan 'yan tauri da mafarauta, mazajen da ake auna darajarsu da ƙarfe da rashin tsoro. Daga can ƙasar Kabi kuma Gambu ya shahara har ana kiransa mai waƙar ɓarayi, kafin daga baya ya tuba ya bar wannan layi. Babu mai hankalin da zai ce duk wanda ya saurari Gambu ɓarawo ne, ko ya raina gwanintar harshen waɗannan makaɗa. Abin da ya kamata a duba shi ne ƙirar kirarin kansa. Kirari yana ambaton gwarzo da sunansa da na ubansa da garinsu, yana lissafa wuraren da ya yi rawar gani, yana zuga shi ya ƙara. Waɗanda ya kayar kuwa ba su da suna, adadi ne kawai da ke ƙara masa kwarjini. Mai shanun da aka kore da dare, da matar da aka bari da yara, ba su da baiti ko ɗaya. Wannan ƙira ta zauna a kunnenmu shekaru aru-aru, har ta zama idan aka ce a ba da labarin wani rikici, hankali kan tafi kai tsaye wurin namijin da ya fi kowa ban tsoro. A ganina nan ne asalin matsalar, kuma duk sauran dalilan da ake kawowa rassa ne.

Da gidajen silima suka bazu a Kano da Kaduna da Sakkwato da Gusau, finafinan Indiya suka zo suka tarar da kunne a shirye. Sholay na 1975 labarin ƙauye ne da ɗan fashi ya addaba, amma tambayi duk wanda ya kalle shi a zamanin ya faɗa maka wa ya fi tunawa, sai ya ce Gabbar Singh. Mutanen ƙauyen da ke kai masa hatsi don su tsira sun ɓace daga ƙwaƙwalwa, bos ɗin ya zauna. A kudancin Najeriya ma haka aka yi. Bayan an harbe Ishola Oyenusi a bakin teku a Legas a 1971, Eddie Ugbomah ya yi fim a kansa a 1977, kuma sunan ɗan fashin ne a kan fim ɗin. Daga baya Issakaba ya ɗauki 'yan banga irin na Bakassi ya mayar da su jarumai masu layu, ba tare da tsayawa kan mutanen da aka yanke wa hukunci a titi babu alƙali ba. Finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda suka faro da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, suka samu sunan Kannywood a ƙarshen shekarun 1990, suka kuma shiga hannun hukumar tacewa daga 2001, sun fi karkata ga soyayya da rikicin gida. Amma duk lokacin da suka taɓo laifi, tsarin nan na bos da jarumi suke ɗaukowa: mugu mai dariyar ƙeta, yaransa, ɗan sandan da zai kama shi a ƙarshe, sai a rufe da wa'azi.

Sai ga abin da ya fi ƙarfin wannan tsari ya sauka a Zamfara. Daga wajen 2011 satar shanu da rikicin gona da burtali suka rikiɗe suka zama yaƙi tsakanin 'yan bindiga da 'yan sa-kai, kowane ɓangare na ɗaukar fansa a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon sufeto-janar na 'yan sanda M. D. Abubakar ya ba da rahoton cewa daga 2011 zuwa 2019 an kashe mutum 6,319, an sace 3,672, mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu. Ƙaramar hukumar Zurmi ta sha nata kason. A Fabrairun 2018 an yi kisan gilla a Birane. A Yunin 2021 'yan sanda suka tabbatar da kashe mutum 53 a Kadawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da yawansu manoma ne a farkon damina. A Satumbar shekarar aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da man fetur. A Afrilun 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta tuɓe sarkin Zurmi da na Ɗansadau bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Dajin Dumburum ya zama suna da ake faɗa da sassauta murya, Bello Turji na yankin Fakai a Shinkafi ya zama sananne har a ƙasashen waje. Duk wanda ya dubi wannan jerin zai ga cewa babu bos guda da za a kama a rufe fim. Akwai mai kai rahoto daga cikin gari, akwai mai sayar da mai da burodi da ƙwaya, akwai dillalin shanun sata, akwai harajin da ake ɗora wa ƙauye kafin a bar shi ya yi shuka ko ya yi girbi.

A cikin wannan hali finafinan gaskiyan nan biyu suka fito, kuma adalci ya wajabta a yaba musu. Trust TV ta shiga daji ta zauna da Turji da wasunsa a lokacin da mahukunta ke magana kamar ba a san inda suke ba. Fim ɗin BBC, wanda Yusuf Anka, ɗan asalin jihar, ya jagoranta, ya shiga asibiti da ƙauyukan da aka ƙona, ya nuna yadda aka yi da 'yan matan makarantar Jangebe 279 da aka sace a Fabrairun 2021, ya kuma ɗauko iƙirarin wani jagoran 'yan bindiga cewa an biya kuɗin fansa, abin da gwamnati ta musanta. Ya bari Bafulatani ya faɗi abin da 'yan sa-kai suka yi wa danginsa, ya bari Bahaushe ya faɗi nasa. Gani ya kori ji, kuma mutane da yawa a Legas da Abuja a nan suka fara fahimtar girman abin. To amma a duba abin da ya biyo baya. Gutsattsarin da suka fi yawo a WhatsApp da Facebook su ne inda Ado Aleru ke magana kan kashe mutane ba tare da ko gezau ba, da inda Turji ke zaune yaransa riƙe da bindigogi. A cikin watan da fim ɗin BBC ya fito, Yulin 2022, aka naɗa Aleru Sarkin Fulani a 'Yandoto, har aka dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Sunan fim ɗin kansa na jagororin ne. Masu kallo sun haddace sunayen 'yan bindiga huɗu ko biyar, amma da wuya ka samu wanda zai kawo sunan mutum ɗaya daga cikin 53 na Kadawa. Masu fim ɗin sun yi ƙoƙarin daidaita ma'auni, kunnen da kirari ya rena ya sake karkatar da shi.

Masu goyon bayan hani za su ce ai wannan hujjarsu ce: tunda mai kallo mugun yake tunawa, a daina nuna shi gaba ɗaya. Wannan barin jaki ne a doki taiki. Ɗan bindiga bai taɓa jiran Kannywood ko BBC kafin ya yi suna ba. Yana da waya, yana da makaɗansa. Tun 2021 waƙar yabon Turji ta zaga wayoyin matasa, daga baya kuma aka ga wasu 'yan bindiga a TikTok suna baje damman kuɗi suna raba kyauta ga masu bibiyarsu. Babu hukumar tacewa da ta isa ta shiga Dumburum ta duba abin da za su saki. Saboda haka hanin bai rage muryar mai bindiga da ko ƙwayar zarra ba, ya dai rufe bakin duk wani mai fim da zai iya kawo ɗaya ɓangaren. Sakamakon shi ne matashin Kaura Namoda yana ganin ɗan bindiga a wayarsa kullum cikin sabon yadi da kuɗi, amma bai taɓa ganin fim ɗin Hausa ɗaya da ya nuna masa yadda gida ke rushewa bayan an biya fansa ba. Ga kuma wani abin da ba a cika faɗa ba: shiru yana yi wa mahukunta daɗi, domin fim mai gaskiya dole ya tambayi ina jami'an tsaro suke a daren da aka shiga gari.

Wasu kuma suna cewa matsalar kuɗi ce da tsoro. Kannywood ba ta da jarin ɗaukar fim ɗin yaƙi, masu kallo soyayya suke so, kuma wanda ya taɓo 'yan bindiga yana wasa da ransa. Akwai gaskiya a nan, musamman batun tsoro. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka yi da Hausa a 2020 kan mata biyu da masu tayar da ƙayar baya suka raba da gida, ya ci kuɗi masu yawa, ya sha almakashin hukumar tace finafinai ta ƙasa, kuma bai isa ga talakan da ya kamata ya gan shi ba. Amma wannan uzuri yana ɗauka cewa labarin na buƙatar babura ɗari da harbe-harbe, wanda shi ne dai tunanin kirari. Labarin wanda aka zalunta bai buƙatar fiye da tsakar gida da waya ɗaya. A kalli dattijo zaune a zaure da ƙaramar waya a hannu, an ce masa miliyan biyar, yana rantsuwa bai taɓa riƙe dubu ɗari biyar ba, ana sa masa kukan ɗansa a kunne. A bi shi ya buɗe rumbu ya auna geron da aka tanada don bazara, ya ja bijimin huɗa zuwa kasuwa ya sayar a wulaƙance saboda dillali ya san matsuwarsa, ya jinginar da gonar gado. A ga 'yan uwa suna karo-karo bayan sallar isha'i, a ji an ƙara masa da sharaɗin babur sabo da katin waya, a ga yadda ake neman wanda zai yarda ya kai kuɗin daji, alhali an san wani lokaci mai kai fansar ma riƙe shi ake yi. Sannan a nuna ranar dawowa, ana murna ana kuka, da safiyar da ta biyo baya, lokacin da babu hatsi, babu sa, babu gona. Kannywood ta fi kowa iya fim ɗin tsakar gida. Shekara talatin tana yin sa. Kayan aikin suna hannunta.

Ƙorafi na uku shi ne ya fi nauyi, kuma daga bakin mutanen yankin yake fitowa. Suna cewa kunya da mutunci ba za su bari a baje abin da ya faru ba, musamman abin da aka yi wa mata a daji, kuma wanda ya yi magana a fili yana iya jawo wa ƙauyensu sabon hari. Duniya ta ga illar yin gaba gaɗi a nan. Phoolan Devi ta Indiya ta kai ƙara kotu kan Bandit Queen na 1994 saboda an nuna fyaɗen da aka yi mata ba da yardarta ba. Da Netflix ta saki shirinta kan Jeffrey Dahmer a 2022, dangin wasu daga cikin waɗanda ya kashe sun ce ba a tuntuɓe su ba, an dai tone musu miki don riba. Amma darasin da ke ciki shi ne a nemi izini, a canza suna da gari, a zauna da masu abin a ji yadda suke so a faɗa, a kuma san abin da za a bari a bayan labule. A nan ne ma fim ɗin wasa ya fi fim ɗin gaskiya amfani, domin ɗan wasa zai iya ɗaukar nauyin labarin ba tare da an nuna fuskar kowa ba. Kuma dole waɗanda aka zalunta su haɗa da kowa: manomin da aka harbe a kunya, da makiyayin da 'yan sa-kai suka tare a kasuwa don kawai kamanninsa, da yaron da aka ɗauka daji yana shekara goma aka ba shi bindiga. Fim ɗin da ya mayar da ƙabila guda bos ya ƙara wa wuta mai ne, ko da ya rufe da addu'a.

Saboda haka idan ana son auna ko fim ya ba da labarin laifi da kyau, yawan jini ko ƙarancinsa ba shi ne mudu ba, haka ma kama mugu a ƙarshe. Mudun shi ne abin da ya rage a zuciyar mai kallo bayan ya tashi: ko ya fahimci yadda ɓarnar ke gudana da hannun da ke cikinta, ko ya san mutanen da aka yi wa ita kamar yadda ya san maƙwabcinsa. Da wannan mudu, finafinan gaskiya na 2022 sun cika rabin farko sun gaza a na biyu, finafinan Hausa kuwa an hana su shiga kasuwar ma. Abin da ya kamata hukumar Kano da takwarorinta su yi shi ne su janye hanin su maye gurbinsa da ƙa'ida: kada a yi wa ɗan bindiga kirari, kada a koyar da dabara, kada a yi amfani da labarin kowa ba da yardarsa ba. Marubutan Kannywood kuma su je sansanonin 'yan gudun hijira da asibitocin Zurmi da Shinkafi, inda likitocin agaji na MSF suka daɗe suna jinyar yara masu tamowa da wannan rikici ya hana iyayensu noma, su zauna su saurara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shekara goma sha da ake wannan masifa, waƙar Zamfara tana bakin waɗanda suka haddasa ta, su ake nema a yi hira da su, su ake sani da suna da laƙabi. Tafawa Ɓalewa ya ga wata hanya tun wajen shekara casa'in da suka wuce, lokacin da ya ƙi bin ɓarawon yaro ya bi uwar da ke nemansa. A Zurmi da Shinkafi da Kaura Namoda irin wannan uwa ba ta ƙirguwa yau, kuma kowacce ta san ranar da aka zo, da abin da aka sayar, da wanda ya dawo da wanda bai dawo ba. Ranar da mai fim ya ajiye kyamararsa a gabanta ya bar ta ta faɗa da bakinta, ranar ce za a ce an fara ba da wannan labari.